Muna yawon tsauni duk mako amma ba ma ganin namun daji, ina matsalar take?

Matafiyi:

Assalamu alaikum jama'a barkanmu da warhaka. Dan Allah tambaya gare ni ga waɗanda suka saba fita yawon ƙafa bayan gari da hawan tudu. Tun da zafin nan ya shigo ni da wani abokina muke fita duk ƙarshen mako, mu bi ta gefen gonaki mu ratsa ɗan daji mu hau wani tsauni da bai cika tsayi ba, kuma gaskiya abin yana min daɗi sosai har barci ma na fi samu yanzu. To amma ni abin da ya ja ni tun farko shi ne in ga dabbobi da idona a inda suke rayuwa, kuma har yau shiru, sai dai mu ji fuuu tsuntsu ya tashi daga cikin ciyawa ko mu hango bayan wani abu ya faɗa kurmi ba mu ma san ko mene ne ba. Abin da ke ɗaure min kai akwai masu bin wannan hanyar tamu ɗin dai, suna ɗora hoton barewa da dila har da mujiya, wuri ɗaya ne fa. Mukan fita wajen ƙarfe goma na safe mu dawo biyu ko uku na rana.

Sai na biyu, ya ake lissafin lokacin da hawa zai ci? Muna son gwada wani tsaunin da ya fi wannan, taswira ta nuna kilomita 8 zuwa ƙololuwa kuma hawan ya kai mita 450. Sannan madubin hangen nesa wane iri ya dace da mai farawa? Na gode.

Baba Mai Sanda:

Wa alaikumus salam ɗana. Ai amsar tambayarka ta farko tana cikin abin da ka rubuta da hannunka, ƙarfe goma. A lokacin zafi in goma ta yi duk wani mai ƙafa huɗu ya riga ya ci ya sha ya nemi inuwa ya kwanta, ku kuma lokacin kuke ɗaura takalmi. Barewa da zomo da dila yawancinsu fitarsu ta ketowar alfijir ce da kuma dab da faɗuwar rana, saboda sanyi da kuma saboda hasken bai isa mai farautarsu ya gan su sosai ba. Don haka so ake a ce kana zaune a wurin da ka zaɓa tun kafin rana ta ɓullo, ba a ce lokacin kake barin gida ba.

Sai maganar iska, wadda ita ce mutane suka fi rainawa. Dabba da hanci take gani kafin ido. In iska na kaɗowa daga bayanka zuwa gabanka to ka riga ka aika da sallama gaba, duk abin da ke can ya san da zuwanka tun kana nesa, ko da kuwa a kan yatsu kake tafiya. Ni abin da nake yi, in na tsaya sai in ɗebi ɗan ƙura ko in murje busasshen ganye in sake shi in ga ina ya nufa, sannan in juya tafiyata yadda iskar za ta riƙa bugun fuskata. Kuma a jikin tsauni akwai wani abu da zai taimake ka in ka gane shi, da dare har zuwa sassafe iska mai sanyi gangarowa take yi ƙasa saboda ta fi nauyi, to in ka fara hawa da duku-duku ƙamshinka ƙasa yake komawa, abin da ke samanka bai ji ka ba. Da rana ta dumama jikin dutsen sai abin ya juya iskar ta koma hawa sama ta kwashi warinka ta kai musu. Ka ga ƙarfe goman nan naku sau biyu take cutar ku.

Amma babban abin da nake so ka riƙe, ba a ganin dabba ana tafiya, a zaune ake ganinta. Ka nemi bakin daji inda itatuwa suka haɗu da fili, ko kusa da ruwa, ka jingina bayanka da bishiya ko dutse don kada siffarka ta fito fili, kada kuma ka tsaya a kan doron tudu sama na bayanka domin daga ko'ina ana hango ka. Ka zauna kada ka motsa kamar minti ashirin ko fiye. Kamar dai ka shiga ɗakin da ake hira ne kowa ya yi tsit, sai ka zauna ka jima an manta da kai sannan hirar ta ci gaba. Da farko za ka ji ƙananan tsuntsaye suna wani tsit tsit mai kaifi suna maimaitawa, wannan kukan gargaɗi ne kuma da kai suke, duk dajin na saurarensu. In suka daina suka koma kiwonsu to an karɓe ka. Akwai safiyar da nake zaune haka a gindin wani dutse zomo ya fito ya zauna bai fi taku goma daga ƙafata ba, yana wanke fuska da ƙafafunsa na gaba yana janyo kunne ɗaya ƙasa yana lasa, rana ta haske kunnen har ina ganin jijiyoyin jini jajaye a ciki. Ban ɗaga madubi ba ma don kada in motsa.

Kuma ka daina neman dabba sukutum guda tsaye a fili irin ta hoto. Ka nemi ɓangare, kunne ya motsa, jela ta kaɗa, ko layin gadon baya a kwance cikin ciyawar da duk a tsaye take. Maganar launin riga kada ta dame ka sosai, barewa ba ta bambance ja da kore yadda muke yi, shuɗi ne ma ya fi fito mata, amma motsi shi ne ke tona mutum, da rigar leda mai kwaras kwaras. Abokin naka kuma ku yi yarjejeniya tun a hanya, in an iso wurin zama hira ta ƙare.

Dan Tudu:

Baba ya gama magana kan dabbobi wlh, ni bari in ɗauki ta biyun. Akwai wani lissafi da masu hawan dutse ke amfani da shi tun 1892, wani ɗan Sikotland mai suna William Naismith ne ya fitar da shi. Ka ba kowace kilomita 5 awa ɗaya, sannan ka ƙara awa ɗaya kan kowace mita 600 ta hawa, wato dai minti ɗaya duk mita 10. To naka kilomita 8 minti 96 kenan, hawan mita 450 kuma minti 45, in ka haɗa awa biyu da minti ashirin da ɗan wani abu zuwa sama kawai. Amma ka sani wannan lissafin na mutum mai ƙarfi ne a hanya mai kyau kuma babu hutu a ciki, babu tsayawa shan ruwa babu ɗaukar hoto, don haka ni a zafi nakan ɗora rabin abin a kai ba na jin kunya. Kuma kilomita 8 zuwa na nufin 16 har da dawowa, yini guda ne wannan, ba irin fitar da kuka saba ba ce.

Saukowa kuma kada ka ɗauka kyauta ce. Mutane na zaton in an kai sama an gama, alhali a gangara ne gwiwa ke shan wahala, cinyoyi sun gaji ƙafa na rawa ga tsakuwa na zamewa, nan aka fi gurɗewa. Ka riƙa gajerun taku, ka ɗaure igiyar takalmi da kyau kafin ka fara sauka don kada yatsu su riƙa dukan gaban takalmin, in da sanda ka riƙe. Sabon takalmi kuma kada ranar ta zama ranarsa ta farko, ka sa shi ka yi ta yawo da shi a gari tukuna. Da ka ji wani wuri a ƙafa ya fara zafi ka tsaya nan take ka manna filasta kafin ya yi bororo.

Abin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne ku tsayar da lokacin juyowa tun kafin ku tashi, misali ku ce sha ɗaya na yi ko mun kai ko ba mu kai ba mun juyo, kuma ku cika alkawarin, domin in kana hango ƙololuwa zuciya ba ta yarda a juya, ga shi sau da yawa abin da kake hangowa ma ba ita ba ce akwai wata a bayanta. A taswira ka duba layukan nan masu zagaye, inda suka matsu da juna wurin a tsaye yake, inda suka buɗe hawan da sauƙi. Ka sauke taswirar a waya tun a gida don netwok ba abin dogaro ba ne a kwari, ka kuma gaya wa wani a gida hanyar da za ku bi da lokacin da ya kamata a gan ku. Tocila da usur a jaka ko da rana za ku dawo, busa shida a jere a huta minti ɗaya a sake, ita ce alamar neman agaji da masu hawan dutse suka sani.

Sama kuma ta fi ƙasa sanyi, kusan digiri 6.5 duk mita 1000, a naku wajen digiri 3 ne kawai amma in ka iso jiƙe da gumi iska na kaɗawa za ka ji shi, ka tafi da 'yar riga mai tare iska. Kada sanyin ya ruɗe ka game da rana, ƙunarta ƙaruwa take in ana hawa, hula dole.

Sai hadari, wannan ba wasa. A lokacin zafi ya fi haɗuwa da rana ta take zuwa la'asar, wani dalilin kenan na fita da wuri. In ka ga walƙiya ka fara ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawar, duk daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In bai kai 30 ba to tana kusa da za ta iya samunka, ku sauka daga doron tsauni maza, kada ku fake gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, kada ku sake hawa sai an yi minti 30 ba a ji ta ba.

Inda zan ɗan saɓa da Baba, da girmamawa, tsakar rana ba fanko ba ce gaba ɗaya. Shaho da shirwa da gaggafa sai ƙasa ta yi zafi suke jin daɗin tashi, iska mai ɗumi na ɗaga su suna kewayawa ba ko kaɗa fiffike, kuma in kana saman tsauni wani lokacin ta ƙasanka suke wucewa ka ga gadon bayansu, wanda mai zama a gindin dutse ba zai taɓa gani ba. Ga ƙadangaru da malam buɗe littafi su ma 'yan rana ne.

Baba Mai Sanda:

Gaskiyarka Dan Tudu, na shaho kam ka fi ni, ƙafata ta daina kai ni can sama sosai. Abin da zan ƙara kawai, kada ya haɗa buri biyu a fita ɗaya. Ranar ƙololuwa agogo ake bi, ranar dabba kuma kilomita biyu ma ta isa.

Anti Nas:

Sannunku. Ƙanena ni tawa ta lafiya ce don aikina kenan, kuma dan Allah ka karanta har ƙarshe tunda Baba ya ce ka zauna cikin ciyawa. Kaska. A lokacin zafi ta fi yawa, tana maƙale a bakin ciyawa tana jiran abin da zai goga ta, ba ta tsalle ba ta tashi, kuma cizonta ba ya zafi shi ya sa ba a sani. Ƙananan ba su wuce ɗigon biro ba. Ka sa dogon wando ka cusa ƙafarsa cikin safa, mai haske ya fi don ka gan ta tana tafiya, in ka dawo gida ka duba jikinka tsaf, bayan gwiwa, matsematsi, hammata, ƙugu inda wando ke ɗaurewa, bayan kunne da cikin gashi. In ka same ta ta kafe ka sa hantsaki mai siririn baki ka kama ta dab da fata ka ja sama a hankali ba tare da murɗawa ba, sannan ka wanke wurin da sabulu. Kada a ƙona ta da ashana kada a shafa mata mai, wannan sa ta yake ta daɗe ko ta amayo abin cikinta a jikinka. A Turai da Amurka ta Arewa da wasu sassan Asiya tana ɗauke da cutar Lyme, yawanci sai ta wuce awa 24 a maƙale kafin ta sa wa mutum, shi ya sa dubawa a ranar take da amfani. In cikin kwana 3 zuwa 30 ka ga jan tabo yana faɗaɗa a wurin ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, ka je asibiti ka ce musu kaska ta cije ka. Wasu yankunan kuma wasu cututtukan take ɗauka, duk zazzaɓin da ya biyo bayan cizonta a faɗa wa likita.

Maciji shi ma yana son dutsen da rana ta dumama da safe. Ka duba kafin ka zauna, kada ka cusa hannu a rami ko ƙarƙashin dutsen da ba ka ganin cikinsa, in ka gan shi ka ja da baya ka ba shi hanya, yawancin cizon yana faruwa ne in an taka shi ko an tsaya kashe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara ta dalilin saran maciji, ba ƙaramin abu ba ne. In tsautsayi ya faru Allah ya kiyaye, ba a tsagawa ba a tsotsa ba a ɗaure wurin tamau, a cire zobe da agogo kafin kumburi, a hana gaɓar motsi, a kai shi asibiti da gaggawa inda ake da allurar kashe dafi.

Ruwa kuma wajen rabin lita duk awa, in zafi ya tsananta ana hawa ya fi haka, kaɗan kaɗan ba a jira ƙishi ba, a haɗa da ɗan abin ci mai gishiri don gumi ba ruwa kaɗai yake fitarwa ba. Ka lura da abokinka shi ma ya lura da kai, ciwon kai da jiri da tashin zuciya a nemi inuwa a huta a juyo. Amma in mutum ya fara magana ba kan gado ko yana tangaɗi jikinsa ya yi zafi rau, wannan gaggawa ce, a jiƙa shi da ruwa a yi ta fifita a kira agaji.

Abu na ƙarshe da ke ci min rai, in ka tarar da ɗan barewa kwance shi kaɗai cikin ciyawa dan Allah kada ka ɗauka kada ka taɓa. Ba maraya ba ne, uwar ce ta ajiye shi ta tafi kiwo za ta dawo shayar da shi, kuma tsayuwarka a kansa ce za ta hana ta zuwa. Haka saniya mai ɗan maraƙi in hanya ta ratsa makiyaya, ku kewaye ta nesa kada ku shiga tsakaninsu.

Matafiyi:

Kai Allah ya saka da alheri Baba, Yaya Dan Tudu, Anti na gode ƙwarai. Mun yi magana da abokina Asabar ɗin nan da asuba za mu fita mu zauna bakin wani ɗan rafi da ke ƙasan tsaunin, babban kuma sai mun ƙara shiri. Saura maganar madubi, kuma ina sa tabarau ko zai hana? Sannan wani ya ce min in kunna kukan tsuntsu a waya za su zo da kansu, ya kuke gani?

Yar Tsuntsaye:

Yaya madubi ka nemi wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa. 8 ɗin yana nufin sau takwas yake kusanto da abu, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita, shi ke tara haske, kuma tunda da asuba za ka riƙa fita hasken shi ne komai. Mutane na rububin 10 ko 12 suna ganin babbar lamba ta fi, amma hannu na rawa hoton na rawa, kuma filin da kake gani ya ƙanƙance kafin ka nemo tsuntsun ya tashi. Ƙananan nan na aljihu 10x25 da rana lafiya lau, da duku-duku duhu za ka gani. In nauyi ya dame ka a hawa 8x32 ma ya yi. Tabarau ba ya hanawa, ka dai murɗa robar bakin idon ta koma ciki, kuma ka gwada da tabaran a fuskarka kafin ka saya, in kana ganin da'irar duka ba baƙi a gefe to ya yi maka. Wata dabara, kada ka sunkuya ka nemi madubi, ka kafe idonka a kan abin sannan ka ɗago madubin ya zo ya same idon.

Kunna kuka kuwa ni gaskiya ba na goyon baya, musamman lokacin da suke da ƙwai ko 'ya'ya. Tsuntsun da ya zo ba gaisuwa ya zo yi ba, ji ya yi wani namijin ya shigo masa yanki, sai ya bar sheƙa ya bar ciyar da 'ya'ya ya zo neman faɗa da wanda babu shi, wasu gandun dajin ma sun hana. Ka yi amfani da wayar ta ɗaya hanyar, ita ta saurara. Akwai manhajar Merlin ta jami'ar Cornell da ke Amurka, kyauta ce, tana jin kuka ta ba ka sunan da take zato, sai dai ta fi ƙwarewa a wasu yankunan duniya fiye da wasu kuma tana kuskure, sai ka tabbatar da idonka. iNaturalist kuma hoto ake ɗorawa masana su taya ka ganewa, har sawu da kashi da gashin tsuntsu suna karɓa.

Tunda bakin rafi za ku, ka duba taɓo kafin ku tattake shi. Sawun dila ko kare yatsu huɗu ne da alamar farce a gaba, na dangin kyanwa ba a ganin farcen don a ciki suke ɓoye shi, barewa kuma kofato biyu a tsage, bakin mai tsini shi ke nuna inda ta nufa. In gefen sawun na da kaifi bai fara bushewa ba to daren jiya ko ɗazu aka yi shi, sai ku samu wurin zama da ke kallon wajen, iska a fuskarku. Mujiyar da kake nema kuma ka duba gindin manyan bishiyoyi, inda ka ga farin kashi ya zuba a wuri ɗaya da wasu dunƙule-dunƙule masu launin toka cike da gashi da ƙananan ƙasusuwa, amanta ne na abin da ba ta narkar ba, ka ɗaga kai a hankali ka bi reshe reshe kusa da jikin bishiyar. In ka gan ta ta buɗe ido ta miƙe ta siranta jiki to ka matso da yawa, ka koma baya.